Kurakuran da aka fi yi wajen haƙar kayan tarihi, da yadda ake gyara su

Wanda ya fi yawa shi ne zumuɗin ɗaga abu daga ƙasa. Tsingaron tukunya da aka zaro ba a rubuta zurfinsa ba, ba a lura da abin da ke kwance kusa da shi ba, ya zama bebe, kuma rami ɗaya ba a haƙa shi sau biyu. A shekarun 1870 Heinrich Schliemann, Bajamushe mai haƙar kayan tarihi, ya tsaga tudun tsohon birnin Troy na Turkiyya da ƙaton rami, yana gaggawar isa ƙasa, ya ragargaza gine-gine masu yawa a hanya. Gyaran ba wuya, sai haƙuri. A yi hoto, a auna, a rubuta kafin a taɓa, a kuma bar wani sashe a binne domin masu zuwa da kayan aikin da suka fi namu.

Sai ƙasusuwa. Mai bincike yana ganin samfur, wani kuma yana ganin kakansa. A 1996 aka tsinci ƙwarangwal mai shekara kusan 9,000 a bakin kogin Columbia a Amurka, kusa da garin Kennewick. Masana suka je kotu don su ci gaba da nazari, ƙabilun yankin suka ce a ba su nasu su binne, suna dogaro da dokar 1990 kan mayar da gawarwakin 'yan asalin ƙasa. Gwajin ƙwayar halitta na 2015 ya nuna dangantakarsa da 'yan asalin, aka binne shi a 2017. Shekara ashirin da ɗaya ke nan ana jayayya a kan abin da zama ɗaya tun farko zai rage. Kafin a yanki ko da haƙori, a nemi izinin zuri'a, a rubuta wa zai ga hotuna, da ranar mayarwa.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne a ceci dutse a manta da mai rai. Da Masar ta gina madatsar ruwan Aswan, ƙasashe suka haɗa kuɗi ƙarƙashin UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka yanka haikalin Abu Simbel na Fir'auna Ramsis gunduwa-gunduwa tsakanin 1964 da 1968, aka ɗaga shi mita 65 sama. Aiki ne na a yaba. Amma Nubiyawa kusan dubu 100 a Masar da Sudan ruwan ya raba da ƙauyukansu, da dabinonsu, da makabartunsu, kuma babu wanda ya sa wa gidajensu lamba ya sake jera su kamar yadda aka yi wa duwatsun Ramsis. Idan aiki zai tashi mutane, maganar matsuguni da diyya ta shiga kasafin tun ranar farko, a yi ta da su, ba a kansu ba.

Masu saye ma suna da nasu. Wani zai ce ai ceton kayan ya yi daga lalacewa, alhali kuɗinsa ne ke tura ɓarawo ya koma kufai da dare. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana fasa-ƙwaurin kayan tarihi ta zama ma'aunin gidajen tarihi da yawa. A nemi takardar da ta nuna kayan sun bar ƙasarsu kafin shekarar, ko izinin fitarwa na hukuma. Dillalin da ya ce takardar ta ɓace, a mayar masa da kayansa.