Yadda ake kwashe ciyawar sagasum daga gaɓar teku kafin ta ruɓe

Tun 2011 masuntan gaɓar Afirka ta Yamma, daga Saliyo zuwa Axim da Half Assini a yammacin Ghana har Legas, suke fama da wata ciyawar teku mai launin ruwan zuma da ake kira sagasum. Asalin matattararta Tekun Sagaso ne a arewacin Atlantika, amma yanzu ta samu sabon wurin hayayyafa a ruwan da ke tsakanin Afirka da Brazil. A Yunin 2018 hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna ta shimfiɗe tsawon kilomita 8,850, nauyinta ya haura tan miliyan 20. Kamar kainuwa take, ba ta kama ƙasa. Wasu 'yan ƙwallaye masu iska a ciki ne ke riƙe da ita a saman ruwa, kuma duk gutsuren da ya ɓalle yana ci gaba da girma. Don haka wanda ya sassare ta ya mayar cikin teku shuka ya yi.

Kafin a ɗauki manjagara, a duba yawanta. Idan siririn layi ne ana hango yashi ta tsakaninta, a ƙyale ta. Rana za ta busar da ita, kuma tana taimakawa wajen riƙe rairayi. Wadda ta taru ta kai gwiwa ita ce abin ji.

A kan irin wannan, awa 48 kawai ake da su. Bayan kwana biyu ƙasan tulin yana rasa iska, ya fara ruɓewa, ya riƙa fitar da amoniya da iskar haidirojin salfaid mai warin baragurbi. Iskar haidirojin salfaid ɗin ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, shi ya sa take kwanciya a kwari da bayan tuli. Tana jawo ciwon kai, tashin zuciya da raɗaɗin ido, tana cin tagulla da wayoyin lantarki a gidajen da ke kusa. Mugun halinta shi ne idan ta yi yawa sosai sai ta kashe jin wari, mutum ya zaci ta wuce alhali lokacin ne ta fi haɗari. Takunkumin ƙyalle ba ya tare ta. Masu asma, mata masu juna biyu da yara su nisanci wurin, masu aiki kuma su tsaya ta inda iska ke tasowa, kada kowa ya buɗe tsohon tuli shi kaɗai.

Kayan aikin ba su da yawa: manjagara, babban cokali mai yatsu irin na ɗibar ciyawa, baro, safar hannu da dogon takalmin roba, saboda ƙananan halittun da ke manne da ita suna sa ƙaiƙayi. A fara da sassafe lokacin da ruwa ya janye. A ɗaga da cokalin, a girgiza yashi ya zube, sannan a zuba a baro. Shebur ba ya yi, yashi yake kwasowa. Katafila ta fi muni: tana tafiya da rairayin da ke kare gari daga zaizaya, tana danne ramukan da kunkurun teku ya binne ƙwai. A gaɓar da teku ke cin gidaje tun da ma, wannan ba gyara ba ne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwashe ta daga bakin ruwa a sake jibge ta a bayan gari. Wuri kawai aka sauya wa warin. A kai ta fili mai tudu, nesa da gidaje da rijiyoyi, a baza ta kaurinta bai wuce santimita 10 zuwa 20 ba, a riƙa juyawa. Yawancin nauyinta ruwa ne, idan ta bushe sai ta zama 'yar kaɗan kuma warin ya tsaya. Ruwan da ke tsiyaya daga jikinta yana ɗauke da gishiri da gubar asenik, shi ya sa idan da hali a shimfiɗa tamfol a ƙasa.

Wannan asenik ɗin ne dalilin da ya sa ba a ba dabbobi ita, ba a kuma zuba ta kai tsaye a gonar kayan miya. Gishirinta ma kaɗai ya isa ya ƙone shuka. Mai son yin taki da ita ya bari a gwada ta a ɗakin gwaje-gwaje tukuna, ko ya taƙaita a kan itatuwan inuwa da furanni.

Su kuma masu kwalekwale, a kewaye shimfiɗarta maimakon a ratsa. Tana naɗe farfela, tana toshe kafar da inji ke zuƙar ruwan sanyaya kansa. A riƙa duba tsartuwar ruwan da ke fitowa ta bayan injin. Da zarar ta tsaya, a kashe, a ɗaga ƙafar injin, a share kafar da hannu. Taru kuwa idan ya cika da ita nauyin kan yaga shi, gara a sassauta gefe ɗaya a zubar tun a ruwa, a kakkaɓe sauran a ranar kafin ta bushe a cikin idanun raga.