Yadda Ake Tsara Hoton Dangi Ranar Biki

Mai hoto ya san kyamararsa, amma bai san gidanku ba. Bai san matar nan da ta raɓe a gefe ita ce ta riƙe amarya tun daga yaye ba, bai kuma san dattijon da ke ƙoƙarin saka takalmi ya tafi shi ne waliyyi ba. Wanda ya sha ado ya matso gaba, shi zai ɗauka. Shi ya sa ake kawo hotuna tuli bayan biki, ƙawaye da abokan ango sun cika su, a nemi guda ɗaya na amarya da kakarta a rasa. Maganin wannan a takarda yake, kuma tun kafin biki ake yin sa.

Da farko, kamar saura mako 2, a samu mutum ɗaya daga ɓangaren ango, ɗaya daga ɓangaren amarya, waɗanda suka san dangi ciki da bai, a zauna a rubuta rukunin hotunan da ake so. Kada a rubuta "dangin uba" a wuce. A jera kowa da sunan da ake kiran sa da shi a gida: Baffa wane, Gwaggo wance, Hajiya Babba. Rukuni 10 zuwa 12 sun wadatar. Tara mutane, gyara tsayuwa da ɗauka sukan ci minti 3 zuwa 4 a kowane rukuni, ka ga an doshi minti 40 ke nan. Abin da ya haura haka, murmushin amarya zai koma yaƙe.

A wurin wannan zaman ne za a warware abin da mai hoto ba zai iya warwarewa ba. Idan mahaifin amarya mata biyu ko uku gare shi, a fara da hoton da ya haɗa shi da matansa duka, uwargida a kusa da shi, sauran su biyo bisa girma. Bayan nan sai a ɗauki na mahaifiya da 'yan ɗakinta. In aka juya tsarin, aka fara da uwa alhali abokan zamanta na tsaye suna kallo, to an bar baya da ƙura. Idan iyayen sun rabu, a tambayi kowannensu tun da wuri ko zai yarda su tsaya tare. In akwai nauyi, hoto biyu ba laifi ba ne.

Sai batun kunya. A gidaje da yawa uwa ba ta sakin jiki a bikin 'yarta ta fari, takan bar wa ƙanwarta ko abokiyar zamanta matsayin uwar biki. Kada a ja ta da ƙarfi a gaban jama'a. A ware mata minti biyar a ɗaki, ita da 'yarta kawai, kafin gida ya cika. Haka nan akwai surukar da ba za ta iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da ango ba. A zaunar da ita a kujera, ango ya tsaya ta baya ko ya durƙusa daga gefe. Akwai kuma matan da ba sa son namiji ya ɗauke su hoto, wasu ma ba sa son hoton sam. Mace mai hoto a ranar kamu ko wuni tana rage wannan matsala, wadda kuma ta ƙi, a ƙyale ta.

Mataki na gaba shi ne raba jerin bisa taro, domin bikinmu ba a wuri ɗaya yake tara kowa ba. Maza suna wurin ɗaurin aure, inda amarya ba ta zuwa, kuma da zarar an shafa fatiha sai a watse, musamman ranar Asabar da dattawa ke da wani ɗaurin auren a gaba. Don haka a zaɓi wurin tsayawa a wajen masallaci tun kafin a fara, a kuma raɗa wa waliyyi da wakilin ango cewa ana buƙatarsu na ɗan lokaci. Na mata a yi shi ranar wuni. Wanda zai haɗa gida biyu kuwa, ni dai ban ga lokacin da ya kai sa'ar da ango da tawagarsa suka zo gaida surukai ba. Kada a dogara da dina: tsofaffi da yawa ba sa zuwa, waɗanda suka zo kuma kiɗa da liƙi ba za su bari a ji kira ba.

Haske ma a lissafa shi. Rana tsaka tana sa a runtse ido, hula da goggoro su jefa inuwa a fuska, farar shadda kuma ta yi ƙyallin da zai ɓatar da aikin da ke jikin riga. A nemi inuwar gini mai faɗi. Ƙarƙashin darbejiya yakan yi wa fuska dabbare-dabbare, rumfar haya mai launi kuma takan rina fata da launinta. Bayan la'asar ne haske ya fi laushi, amma a tuna a watan Disamba rana kan faɗi a Kano wajen ƙarfe 6, don haka a fara da 4:30. A Yuli da Agusta a tanadi falo saboda ruwa. Mai kwalliya kuwa, a gaya mata ta gama awa ɗaya kafin ainihin lokacin.

Ranar kanta, a naɗa mai kira a kowane ɓangare: mutum mai murya, wanda manya ba za su ji haushin kiransa ba. Ba babbar ƙawa ba, ita hidima ta riga ta yi mata yawa. A ba shi jerin a takarda, a tura wa mai hoto kwafi. Yayin da ake ɗaukar rukuni ɗaya, shi yana tara na gaba.

A fara da hotunan da tsofaffi ke ciki, har da na babban taro, a kawo musu kujeru, a sallame su. Yara ma a ɗauke su kafin a raba abinci, tun anko bai sha miya ba. Ango da amarya su tsaya wuri ɗaya, a fara da babban taro, a riƙa rage mutane; cewa mutum ya fita ya fi sauƙi a kan nemo shi. Idan mutane sun haura 20, a yi layi uku: yara a darduma, manya a kujera, matasa a tsaye, mai hoto ya hau benci. A roƙi masu waya su dakata, in ba haka ba idanu za su rabu, kowa yana kallon tasa kyamarar. Kowane rukuni a ɗauke shi sau uku ko huɗu, saboda ba a rasa mai ƙiftawa.

Tun wurin ciniki a yanke ranar karɓar hotuna, a kuma ce ana son na asali a filashi. WhatsApp yana rage ingancin hoto sai dai in an tura shi a matsayin fayil. Sannan a yi magana a fili da mai hoto: kada ya ɗora hoton dangi a Instagram ko Facebook don tallar aikinsa sai da izinin masu gida.