Ga masu fita bishara a kasuwa

'Yan'uwa masu fita bishara a kasuwa ko tashar mota, ku tafi biyu-biyu, kamar yadda Yesu ya aiki almajiransa a Luka 10:1. Kada ku fara da miƙa takarda. Ku gaisa tukuna: "Sannu Baba, yaya kasuwa, yaya iyali?" Sau da yawa a nan mutum yake ambaton ciwo ko bashi. Sai ku ce, "Ko mu yi maka addu'a?" In ya ƙi, ku yi godiya ku wuce, gardamar addini a bakin shago taron jama'a kawai take jawowa. In ya yarda, a gajarta addu'ar, murya ƙasa-ƙasa. Mai saye ya zo, ku matsa gefe. Mace kuwa, ku bar 'yar'uwa ta yi mata magana.