Yadda za ka buɗe adireshin XMPP ka yi hira da wanda ba manhajarku ɗaya ba

Mai adireshin Gmail yana aika wasiƙa ga mai adireshin Yahoo ba tare da wata matsala ba, amma mai WhatsApp ba ya iya aika ko da gaisuwa ga mai Telegram, domin imel yana tafiya ne a kan ƙa'idar da kowa ke da ikon amfani da ita, su kuwa manyan manhajojin hira kowacce ta killace mutanenta. Akwai ƙa'idar hira da ke aiki irin na imel, wato XMPP, wadda Jeremie Miller ya fara a 1999 da sunan Jabber, hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet kuma ta amince da ita a 2004.

Matakin farko shi ne zaɓen uwar garke, wato kwamfutar da za ta riƙe asusunka, kuma nan ne ya kamata ka natsu. Adireshinka zai yi kama da na imel, sunanka a gaba, sunan uwar garken a bayan alamar @, saboda haka ranar da masu ita suka rufe ta, adireshin ya tafi ke nan. Ka bincika wa ke gudanar da ita, tun yaushe take aiki, ina ake samun kuɗin riƙe ta, da kuma tsawon lokacin da take ajiye saƙonni da hotuna. Girman kamfani ba shi ne tabbas ba: Google ya haɗa Google Talk da sauran masu XMPP a 2006, sannan ya juya wa tsarin baya a 2013 da ya kawo Hangouts. A ganina ƙaramar ƙungiya da ta daɗe, wadda ta bayyana ƙa'idojinta a fili, ta fi dacewa da amana.

Daga nan sai manhaja. Mai wayar Android ya sauke Conversations, wadda take kyauta a F-Droid, wato wani rumbun sauke manhajojin Android, ana kuma samun ta a Play Store. Mai iPhone yana da Monal, a kwamfuta kuma akwai Gajim da Dino. Ka yi rajista, ka rubuta kalmar sirrinka ka adana, domin masu uwar garke da yawa ba sa tambayar lambar waya ko imel, idan ka manta kuwa dawo da asusun zai yi wuya. Ka kuma hana wayar kashe manhajar da sunan tattalin batir, in ba haka ba saƙonni za su riƙa makara.

Sai ka saka adireshin abokinka, ko da a wata uwar garke yake. Kafin ku soma magana ka tabbatar OMEMO yana kunne, wato tsarin da ke kulle saƙo ta yadda ku biyu kaɗai za ku karanta, idan kun haɗu kuma kowa ya ɗauki lambar QR ta wayar ɗan'uwansa don tantance makullan. Duk da haka masu uwar garken suna ganin da wa kake magana da kuma yaushe.

Adireshin nan ba zai kai ka WhatsApp ba, ko da yake a kan XMPP da aka sauya wa fasali aka fara gina ta. Dokar kasuwannin intanet ta Tarayyar Turai ta wajabta wa WhatsApp da Messenger buɗe ƙofa ga wasu manhajoji tun 2024, sai dai masu amfani da ke Turai abin ya shafa, mai lambar Najeriya ko Nijar ba ya ciki. Akwai gadoji, wato manhajojin da ke shiga tsakani su haɗa WhatsApp da XMPP ko Matrix (wata ƙa'idar hira mai kama da XMPP), amma a kan gadar ake kwance saƙon kafin a sake kulle shi, don haka kada ka bi da maganar sirri ta gadar da ba kai ke riƙe da ita ba. Makaranta ko ƙungiyar da ke son riƙe asusun mutanenta da kanta tana iya kafa tata uwar garken da manhajar Prosody ko Snikket.