Kyanwar da ke hana ku barci

Jama'a, in kyanwarku ta addabe ku da hawa labule ko tsalle-tsalle da tsakar dare, yawanci zaman banza ne ya ishe ta. Kyanwa kan yi barcin awa 12 zuwa 16 a rana, ƙarfinta kuma da asuba da magariba yake tashi, lokacin farauta. A nan za ku tare ta.

Ku ɗaure gashin tsuntsu ko tsumma da igiya a bakin sanda, ku riƙa jan sa a ƙasa kamar ɓera: ya ruga, ya tsaya, ya ɓuya bayan kujera. Kar ku kaɗa mata a fuska, ɓera ba ya kai kansa wurin kyanwa. Minti 10 sau biyu a rana ya wadatar. A ƙarshe ku bar ta ta cafke, sannan ku ba ta abinci, za ta lashe jiki ta kwanta.

Bayan wasa a ɓoye igiyar, don in ta haɗiye tana iya naɗe mata hanji. Ku ajiye mata kwalin da aka huda ma. Tawa dai ta fi son kwali a kan duk abin da na saya mata.