Masu sa wa fayil lamba: kurakuran da kuke ta maimaitawa a kan raunin 'yan bindiga

Duk shekara ana turo mana ɗalibai da sababbin ma'aikata ɗakin kati a nan Gusau, kuma duk shekara kuskure iri ɗaya nake gyarawa a fayilolin waɗanda aka harba a hanyar Ɗansadau ko a ƙauyukan Zurmi da Tsafe. Bakina ya gaji, shi ya sa na rubuta.

Babban cikinsu Y38. Yaro zai buɗe waya, ya nemi lambar ta'addanci, intanet ta miƙo masa Y38, ya kwafa yana murna. To, ƙanena, buɗe littafin da ke kan teburinka ka nuna mini ita. Babu. Kundin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wato littafin lambobin cututtuka da raunuka, yana da Y35 ta aikin jami'an tsaro da Y36 ta yaƙi, amma ba shi da Y38. Wannan lamba ta ICD-10-CM ce, kwaskwarimar da Amurka ta yi wa kundin don amfanin kanta, wadda asibitocinta suka koma kai a Oktoban 2015. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 ne suka fara ware wa ta'addanci lambobi. Kuma ko a can, ƙa'idarsu ta ce sai gwamnatin tarayya, ta bakin hukumar FBI, ta tabbatar ta'addanci ne. In zato ake kawai, farmaki ake rubutawa.

Za ku ce ai kotun tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a Nuwamban 2021, ta kuma yi wa Lakurawa haka a Janairun 2025. Gaskiya ne, amma hukuncin kotu bai ƙara wa littafinmu shafi ba. Lambar da kundin bai san da ita ba, kwamfuta za ta tofar, kamfanin inshora ya dawo da takardar neman biya. An taɓa dawo mana da tulin irinsu saboda wani mai ɗoki da ya bi fayiloli yana manna Y38. Ni na kwana ina warwarewa, shi yana gida yana barci, kuɗin asibiti kuma suka maƙale har sai da aka kira ni ofis. Abin da nake yi shi ne in sa lambar farmaki, tsakanin X85 da Y09, sannan in bar bayanin harin a rubuce yadda likita ya faɗa. Ƙaramar bindiga X93, babba irin AK-47 X94, wadda ba a fayyace ba X95, abin fashewa X96, ƙona gida da mutane a ciki X97, saran adda X99.

Na biyu ya fi ba ni haushi, don lalaci ne tsagwaronsa: a sa lambar sanadi a gaba, ko a sa ta ita kaɗai. X94 ta gaya mana da me aka harbi mutum, ba ta gaya mana me ya same shi ba. Raunin shi ne babbar lamba, daga S00 zuwa T98. Harsashi ya karya ƙashin cinya, S72 ce a gaba, X94 a baya. Ya shiga ciki ya huda hanji, S36 za ka nema, kada ka tsaya a S31 ta raunin bangon ciki. Da me mai biya zai gane dalilin tiyata da ledojin jini in fayil ya ce fata kawai aka yaga? Kuma in likita ya rubuta harbi ya yi shiru, tashi ka same shi. Ni da safe nake zagaya ɗakunan kwanciya kafin a sallami kowa, da 'yar takarda mai tambaya uku: wace gaɓa, wane makami, a ina. Wasu likitocin suna harara ta. Su harara. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda aka sallama zuwa Anka ba zai dawo don lambarka ba.

Lambar wurin da abin ya faru ma kuna tsallakewa: 0 gida, 4 kan hanya, 7 gona. Ko'ina ku buga 9 ta wurin da ba a fayyace ba, sai ka ce ba a san inda ake tare mutane ba.

Kada ku ɓuya a bayan Y24, wai ba a san niyya ba, alhali fayil ya ce hari aka kai. Kada kuma ku sa W34 ta harbin kuskure don gudun magana.

Wanda ya dawo bayan shekara da gurgunta ba sabon harbi ba ne. Lambobin abin da rauni ya bari, T90 zuwa T98, tare da Y87.1. Wanda aka sako daga daji ba ya barci, likita ya rubuta ciwon firgici, F43.1 tana nan.

Sai masu karɓar kuɗi. Dokar 2017 ta kula da waɗanda aka harba ta ce a fara magani ba tare da takardar 'yan sanda ba, ba kuma kuɗin kafin alƙalami, sannan asibiti ya sanar da 'yan sanda cikin awa 2 da fara aiki. A buɗe kati, a rubuta duk allura da ruwa da jinin da aka sa tun daga ƙofa, lissafi ya biyo baya. Abin da ba a rubuta a daren ba, ba mai biyan sa.