Kurakuran da ɗaliban tuƙin jirgi suka fi yi wajen sauka da GPS

Ƙannenmu na Jidda, Makka da Madina da ke koyon tuƙin jirgin sama suna da saurin hannu a kan na'ura, wannan ba a musu. Abin da ke damuna shi ne yadda suke sakankancewa da zarar layin nan mai launin shunayya, mai nuna hanyar da jirgi zai bi, ya fito a allo. GPS takan faɗi inda jirgi yake daidai, amma duk abin da ka cusa mata shi za ta bi, ko da kuwa zai kai ka cikin dutse.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne na QNH, wato lambar nauyin iska da ake saita ma'aunin tsayi da ita. A saukar LNAV/VNAV (LNAV jagorar hagu da dama ce, VNAV ta gangara) irin wadda ke dogara da nauyin iska, tauraron ɗan'adam hagu da dama kawai yake nuna maka. Gangarar kuwa daga ma'aunin tsayinka take fitowa. Bambancin hektofaskal 1 kusan ƙafa 28 ne. Ranar 23 ga Mayun 2022, a filin Charles de Gaulle na Faris, an ba wani jirgin A320 lamba 1011 maimakon 1001. Ana ruwa, matuƙan ba sa ganin titin sauka, jirgin yana tafiya kimanin ƙafa 280 ƙasa da inda ya kamata, allo kuma yana nuna komai lafiya. Ƙafa 6 ya rage su taɓa ƙasa kafin su kai titi. Wani zai ce ai yana gwada tsayi da nisa a kowane mil kamar yadda taswirar sauka ta nuna. Ɗan'uwa, wannan ba zai tona kuskuren ba, don ma'aunin da kake dubawa shi ne aka saita ba daidai ba. Gyaran shi ne ka rubuta QNH na rahoton yanayi tun kafin ka fara gangarowa, ka haɗa da na ATIS, wato sanarwar da filin jirgi ke maimaitawa a rediyo, sannan da wanda hasumiya ta ba ka. In sun saɓa, buɗe baki ka tambaya, babu kunya a ciki. In jirginka yana da ma'aunin tsayi na rediyo, riƙa kai ido gare shi.

Zafi ma yana da nasa. A jikin taswirar akwai iyakar sanyi, sau da yawa har da ta zafi, da aka yarda a bi wannan gangara. Idan rana ta take kamar yadda take yi a Madina da bazara, jirgi yana sama da abin da ma'auni ke nunawa, gangarar sai ta ƙara tsauri. Da ka wuce iyakar, kuma na'urarka ba ta gyara lissafin zafi da kanta, koma kan mafi ƙarancin tsayin da taswira ta ba saukar LNAV kaɗai.

Rumbun bayanan na'ura kwana 28 yake yi ya tsufa. Duba kwanan watan tun jirgi yana ƙasa. Kada kuma ka riƙa shigar da zangunan sauka, wato wuraren da aka tsara jirgi ya bi ta kansu, ɗaya bayan ɗaya da hannu, ɗauko tsarin gaba ɗaya daga rumbun, ka karanta shi zango-zango kana gwadawa da taswira. A Disambar 1995, kusa da Kali ta Kolombiya, matuƙan wani Boeing 757 sun danna harafin R suna nufin Rozo, tashar rediyo mai nuna hanya kusa da Kali, na'ura ta ɗauko wata tasha can wajen Bogota, jirgin ya karkata ya daki dutse, mutum 159 suka rasu. Duk mai sauka Abha, da ke sama da ƙafa 6,800 cikin duwatsun Sarawat, ko Ɗa'if, ya riƙe wannan a ransa.

Sai masu ɗauko tsarin sauka su manta ba su tabbatar ya kama aiki ba. A yankin fili, karkatar allurar da ke nuna kaucewa daga hanya zuwa ƙarshe mil 1 ne, a gangarar ƙarshe kuma ya kamata ya tsuke zuwa mil 0.3. Kafin ka kai zangon fara gangarar ƙarshe, dubi abin da allo ya rubuta. In bai nuna yanayin sauka ba, kada ka gangara. Wanda ya saba da bidiyon Amurka yakan zaci zai samu LPV, wato saukar da GPS ke ba da har gangarar, ko'ina, alhali LPV tana buƙatar tsarin ƙarin gyara irin WAAS na Amurka ko EGNOS na Turai. Abin da taswirar filin ta ƙunsa, kuma allo ya tabbatar, shi ne naka. A na'urorin Garmin ka duba ko allurar tana kan GPS ne ko VLOC, wato siginar tashoshin rediyo na ƙasa. Nisan da kake gani kuma zuwa zango na gaba ne, ba lallai zuwa bakin titi ba.

RAIM, wato binciken da na'urar GPS ke yi wa siginarta, tana buƙatar taurari 5 ta gano ɓataccen sigina, 6 ta ware shi. Yi hasashenta na lokacin isarka tun wajen tsara tafiya, ka karanta NOTAM, wato sanarwar da ake fitarwa ga matuƙa. A shekarun nan toshe siginar GPS da aiko da na bogi sun yawaita a Gabas ta Tsakiya. Don haka zaɓi filin ko-ta-kwana mai ILS ko VOR, na'urorin jagora na rediyo da ba su dogara da GPS ba, ka bar mitarsu a saite, kuma in agogo ko wurin jirgi ya yi tsalle a allo, gaya wa masu kula da zirga-zirga nan take.

Fasa sauka shi ne inda hannu ke rawa, musamman in ƙura ta rufe titi. Da yawan ƙananan na'urori suna tsayawa a zangon fasawa su rubuta SUSP, wato sun dakata, ba za su wuce gaba ba sai ka danna. Fara da ba injin wuta, ɗaga hanci, ka hau zuwa tsayin da taswira ta ce. Bayan nan ne za ka danna. Wanda ya yi gaggawar dannawa, na'ura tana iya nuna masa kwana alhali bai kai tsayin da zai tsallake abin da ke gefensa ba.